Sabon Inji a Tsohon Shasi: Waiwaye Daga Zangon Agege

Duk wanda ya taso a Agege ya san Marsandi 911, mai gajeren hanci da bodin katako. Lambar da ke jikin ƙofarta bayani take yi daga maƙeranta na Jamus: tara na nufin tan tara, nauyin mota da kayanta gaba ɗaya, sha ɗaya kuma ƙarfin doki 110. Haka lissafin yake ga 'yan uwanta: 1113 tan 11 ce da doki 130, 1924 kuwa tan 19 da doki 240. An fara ƙera wannan zuri'a a 1959, aka ci gaba da yi wa kasuwannin waje har 1995. A yau da wuya ka ɗaga bonet ɗin wadda ta rage a hanya ka tarar da injin da ta zo da shi. An sauke an ɗora wani, wata ma na uku ne a cikinta, kuma galibi kowane sabo ya fi na baya ƙarfi. Yadda aka yi muka kai ga haka labarin unguwarmu ne, da na abincin da Legas ke ci, da na wata amana da nake tsoron tana sulluɓe mana.

Kafin mota, jirgin ƙasa ne ya raini Agege. Layin dogo da ya tashi daga Iddo ya isa Badun a 1901, zuwa 1912 kuma mutum na iya hawa jirgi a Ikko ya sauka a Kano. A wannan zamani ne manoman Yarbawa suka cika dazukan Agege da Ifako da itatuwan koko da goro, kakanninmu kuwa inda goro yake nan suke yada zango. Ana zaɓen goro, a jera shi cikin ganye, a ɗaure huhu, a kai tarago. Jirgin da ya tafi da goro shi zai dawo da shanu da wake da albasa. Mota a lokacin 'yar aike ce kawai: ta kwaso daga gona ta kai tasha, ta kwaso daga tasha ta kai kasuwa. Ba wanda ya nemi ta haye kogin Kwara da tan ashirin, don haka ba wanda ya damu da girman injinta.

Shekarun 1970 suka juya al'amarin. Kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ta shimfiɗa kwalta, aka buɗe babbar hanyar Legas zuwa Badun a 1978. Jirgi kuma ya fara gazawa, tarago ba ya samuwa a kan lokaci, goro ya yi kwana da kwanaki a tasha yana bushewa. Fatake suka koma hanya. Gwamnati ta haɗa gwiwa da kamfanonin waje aka kafa masana'antun harhaɗa manyan motoci: ANAMMCO a Inugu tana yin Marsandi, Leyland a Badun, Steyr a Bauchi, NTM a Kano tana yin Fiat. Mai mota a wannan zamani in injinsa ya gaji, ba ya tunanin neman wani. Kanti zai je ya sayo fistin da ringi sababbi cikin kwali, bakanike ya kwance inji ya mayar da shi yadda kamfani ya yi shi. Naira ta fi dala daraja, sabuwar mota kuma abu ce da ɗan kasuwa mai rufin asiri ke iya tara wa kuɗi ya saya.

Daga 1986 abin ya fara gagara. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, aka saki naira, cikin ɗan lokaci dala ɗaya ta koma wajen naira huɗu, daga nan kuma sai abin da ya yi gaba. Masana'antun nan suka yi ta ja da baya har wasu suka yi shiru. Sabuwar mota ta fi ƙarfin mai mota ɗaya ko biyu. Sai jiragen ruwa suka fara sauke wani irin kaya a Apapa da Tin Can da Kwatano: injuna da giyabos da aksul da aka ciro daga motocin da Turai ta gama da su. Aka sa musu suna tokumbo, wasu su ce Beljiyam. Kasuwar Ladipo a Mushin da ta Owode Onirin a hanyar Ikorodu suka zama wurin zuwan duk wanda injinsa ya buga. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Tunda kuwa inji za a saya, sai mai mota ya ce me zai hana ya sayi wanda ya fi ƙarfi.

Yana da hujjarsa, kuma duk wanda ya taɓa raka kaya daga Arewa ya san ta. Tsakanin Kano da Legas akwai fiye da kilomita 1,000: Zariya, Kaduna, Tegina, Mokwa, gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun. Tumatir ba ya jira. Kwandon da aka ɗora jawur a Kadawa ko Ɗanja, in ya ƙara kwana ɗaya a hanya, za a sauke shi a kasuwar Mile 12 ruwa na tsiyaya ta gindinsa, dillali ya buɗe bakinsa, ya sa hannu ya latsa na ciki, ya karya farashi. Shanu ma haka. Sa yana tsaye kwana biyu ko uku ba ci ba sha, kowane yini na ƙari yana zaftare masa nama kafin ya isa mayankar Oko-Oba, wani ma ya durƙushe a cikin mota sai an yanka shi a hanya. Motar da ke hawan tudu tana nishi a giya ta ɗaya, yaron mota na biye da ita a ƙasa da weji a hannu, asara take jawowa. Sau da yawa mai neman ƙarin doki arba'in ko hamsin dukiyar mutane yake so ya kai da sauran albarkarta.

Ina yaro na ga yadda ake wannan aiki a wani gareji da ke bayan layin dogo, lokacin da baffana ya kai tasa 911. Injinta OM 352 ne, irin wanda kamfanin da kansa ya koma saka wa na baya-baya: silinda shida, lita 5.7, doki wajen 130. Wanda baffa ya sayo ɗan gidansu ne mai tobo, da ke kusantar doki 170. Bakaniken Bayarabe ne, dattijo, Hausa a bakinsa kamar haifaffen Fagge. Bai ko kalli sabon injin ba sai da ya zagaya motar, ya shiga ƙarƙashinta, ya bi shasi da tafin hannu yana neman tsaga. Ya fito yana goge hannu ya ce, "Alhaji, kuɗin inji ka kawo. Ina kuɗin birki?" Baffa ya ce, "Haba Baba, birkinta lafiya lau, da ita na zo." Ya ce, "Lafiyarsa lau da tsohon inji. Kai ta Kano ba wuya, Alhaji. Tsayar da ita a gangara da kaya a bayanta, shi ne aikin. In ba za a taɓa birki ba, ɗauki injinka ka kai wani wuri." Baffa ya koma gida ya ƙaro kuɗi.

Aka kafa bututun ƙarfe uku, aka rataya sarƙa, yara suka ja, tsohon inji ya fito yana ɗigar baƙin mai. Ɗora sabon shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Mazaunin inji dole ya daidaita, domin in ya karkace ko da kaɗan ne, farfela za ta yi ta rawa har ta ci giyabos. Kuloci sai an tabbatar zai riƙe sabon ƙarfin bai zame ba. Inji mai ƙarfi zafi gare shi, saboda haka aka ƙara girman lagireto, aka faɗaɗa salansa da hanyar shan iska don tobo ya samu numfashi. Da a ce daga wani kamfani daban injin ya fito, da sai mai injin feƙe ƙarfe ya yanko farantin da zai haɗa bakin inji da bakin giyabos, a rage ko a ƙara tsawon farfela, a ƙara fallen sifirin na gaba saboda nauyi, a sake lissafin haƙoran aksul na baya. Da aka gama ɗaurewa, dattijon ya sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya har iska ta fita gas ya feso, sannan ya ce a murza makulli. Inji ya kama. Ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikinsa, ya kara ƙotar a kunne, yana bin silinda ɗaya-ɗaya. Ya koma baya ya tsaya yana karanta hayaƙi: baƙi, gas ya yi yawa, shuɗi, mai yake sha, fari kuwa ko ruwa ya shiga ko gas bai ƙone ba. Bayan duk wannan ya kwance ƙafafun motar huɗu ya shiga aikin birki, kuma shi ya fi cin lokaci.

Sai da na girma na fahimci abin da yake lissafawa. Duk ƙarfin da mota ta tara tana gudu, birki ne zai mayar da shi zafi kafin ta tsaya. In aka ninka nauyin mota da kayanta, zafin ya ninku. In aka ninka gudu, ya ninku sau huɗu. Babban inji yana ba direba damar yin duka biyun a lokaci guda, alhali ƙarfen birkin da ke cikin ƙafar mota yana nan yadda aka auna shi domin tan tara. A doguwar gangara yana iya yin zafi har direba ya taka ya ji babu komai a ƙarƙashin ƙafarsa. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke cewa giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Wanda ya sauya jaki da raƙumi, dole ya sauya akala. Dattawan gareji ba a littafi suka karanta wannan ba, amma sun san shi, kuma sun riƙe shi amana, domin sun san masu shiga motar. Direba ɗan maƙwabci ne, yaron mota a gabansu ya girma, masu rakiyar shanun da ke kwance a saman katako kuwa da iyayensu ake haɗa sahu a masallaci.

Abin da ya canza a idona cikin shekarun da suka biyo baya shi ne niyyar aikin. Da, ana ƙara inji don mota ta kai kayanta a kan lokaci. Daga baya aka koma ƙara inji don a ƙara kaya. DAF da MAN da Iveco da Mack suka karɓe doguwar hanya daga hannun 911, da injuna masu lita 11 da 12, amma ɗabi'ar ta bi su. A yi wa shasi ƙari da walda, a tsawaita bodi, a cusa fallen sifirin har mota ta daina lanƙwasa, a ɗora buhu a kan buhu, a saman buhunan kuma a ɗora mutane. Muddin inji yana ja, kowa ya ɗauka lafiya. Inji kuwa shi ne na ƙarshe da zai yi kuka. Taya da birki da shasi su ke fara gazawa, kuma ba su cika yin sallama ba.

Da yammacin Alhamis, 28 ga Yunin 2018, a gadar Otedola da ke bakin hanyar Legas zuwa Badun, ba nisa da mu, wata tanka ɗauke da lita 33,000 na fetur ta ƙwace, ta faɗi, ta kama da wuta a tsakiyar cunkoson masu komawa gida. Fiye da motoci 50 suka ƙone, aƙalla mutum tara suka rasa rayukansu. Bayanin da gwamnatin jihar Legas ta fitar daga baya ya ce asalin motar ta aikin haƙa ce mai nauyin tan 15, a nan gida aka mayar da ita tanka mai ɗaukar tan 30. Bodi da lodi aka sauya a wannan mota, amma cutar ɗaya ce: an sa ƙarfe aikin da ba don shi aka auna shi ba, kuma ba a sake awo ba. Akwai kuma ɓarnar da ba ta kama da wuta. Gwajin da injiniyoyi suka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan aksul ɗaya, lahanin da yake yi wa kwalta yana ninkuwa kusan sau 16. Ramukan da muke kuka da su tsakanin Mokwa da Jebba, akwai hannunmu a ciki. Ramin shi ke karya sifirin, a sayo wanda ya fi kauri, a ƙara lodi don a fanshe kuɗinsa, ramin ya ƙara zurfi.

Duk da haka ba zan yarda a tattara laifi a jibga wa bakanike da direba ba. Waɗannan tsofaffin motoci masu injin aro su suka ciyar da Legas shekara da shekaru, lokacin da jirgi ya kwanta, bankuna kuma ba su san da zaman mai mota ɗaya ba. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu. Kwanaki kaɗan aka yi, amma farashin tumatir da albasa da nama ya tashi a Legas, a Arewa kuma kaya suka yi kwantai. A wancan makon kowa ya ga abin da ke kan ƙafafun motocin nan. Mai mota yana fama da gas da ya haura naira 1,000 a lita tun wajen 2023, da tayar da farashinta ke bin dala, da shingaye da masu karɓar kuɗin hanya da ba su ƙidayuwa. In ya tsaya a lodin da doka ta ce, wani sa'in kuɗin mai ma ba zai fita ba. Wanda ke son a rage lodi da gaske, sai ya fara da rage abin da ake tatsa a hanya.

Yanzu sana'ar kanta ta shiga wani hali. Injunan da ke zuwa daga Turai a yau an ƙera su ne bisa dokokin rage hayaƙi da aka soma tun 1992 ana ta tsaurarawa. Kwamfuta ke auna musu gas, wayoyi sun kewaye su, in wani abu ya taɓu sai an jona na'ura ta faɗi ciwon. Kunne da sukudireba ba su isa ba. Wasu kanikawa sun koyi na'urar, wasu kuma sukan cire kwamfutar su mayar da inji kan tsohon famfo don ya dace da gas ɗinmu da aljihunmu. A gefe guda HOWO ta ƙasar Sin ta cika hanya, har ana harhaɗa ta a titin Oba Akran na Ikeja, nan maƙwabtanmu, a masana'antar haɗin gwiwar Dangote da Sinotruk. Injinta da aka fi sani, WD615 mai lita 9.7 da doki 371, asalinsa na kamfanin Steyr ne na ƙasar Ostiriya, wanda Sin ta sayi fasaharsa a farkon shekarun 1980. Steyr ɗin nan dai da muka kafa wa masana'anta a Bauchi kusan lokaci ɗaya da su. Su sun karɓi zane, sun koya, sun ƙera, yau suna sayar mana. Mu kuma muka ƙware a ɗora injin wani a shasin wani. Ƙwarewa ce babba, kuma abin da ke ci mini rai shi ne ba a ba ta makaranta da ma'auni da jarin da za ta wuce gyara ta kai ga ƙira ba.

Agege ma ta sauya. Molue, babbar bas ɗin haya wadda aka fi ginawa a kan shasin 911, an hana ta hawa gadojin shiga tsibirin Legas a 2013, yanzu ganinta sai an dace. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, a shekarar ne kuma aka ƙaddamar da sabon jirgin Legas zuwa Badun, sannan jirgin cikin gari na Red Line ya zo a 2024. Filaye da yawa da aka saba kafa ƙarfe uku a rataya inji sun zama shaguna da benaye, manyan motoci sun matsa bakin gari. Yaran da a da za a kai wa bakanike su yi shekaru suna wanke noti da kananzir kafin a ba su sufana, yau da yawansu acaɓa ko keke ko cinikin waya ya fi ja musu hankali, domin kuɗinsa na yau ne. Dattawan da ke iya duban idon mai mota su ce ya ɗauki injinsa ya tafi kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Ba na fatan a koma zamanin 911. Hayaƙinta da jinkirinta da wahalar da direbanta ya sha sun isa. Sauya inji kuma ba zai ƙare ba muddin sabuwar mota ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari, ga kuma sabon yayi ya shigo na mayar da motoci kan iskar CNG. Abin da nake so ya tsira daga wancan zamani shi ne sharaɗin da ake gindayawa kafin a ɗaga sarƙa. Ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO da ƙungiyoyin kanikawa da shugabannin Zango suna da ikon mayar da shi ƙa'ida: duk motar da aka sauya wa inji, a shigar da sabuwar lambarsa a takardunta, a gwada birkinta da kaya a kai, a rubuta iyakar lodinta a jikin bodi inda kowa zai gani, ɗan kamasho kuma kada ya wuce ta. Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa tun 1988 da jami'an duba lafiyar mota su kafa ma'aunin nauyi a manyan mashigai, a yi awon da gaskiya. Masu hannu da shuni na unguwa kuma su ɗauki nauyin yaran da za su koyi na'urar kwamfuta a gefen tsofaffin da suka san ƙarfe, tun suna raye.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai mota yana da haƙƙin neman riba, ƙarfin inji kuma halal ne a gare shi. Amma hanya ta kowa ce. 'Yar makarantar da ke tsallaka titi a Dopemu, da fasinjan danfo a Berger, da mai rakiyar shanu a saman bodi, babu wanda aka shawarta ranar da aka ɗora inji. Duk dokin da aka ƙara a gaba, haƙƙinsu ne a biya kuɗinsa a birki, kuma mai mota da bakanike da mai lodi, kowannensu za a tambaye shi a gaban Allah a kan wannan haƙƙi.